Rose-Lynn a Gaban Alƙalai: Sharhi a Kan Masu Kallon Fim ɗin Wild Rose

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce ne ƙungiyarmu ta haska wani fim na Turawa mai suna Wild Rose a babban ɗakin lacca, aka kuma ɗora mini nauyin rubuta sharhi a kansa. Da na ɗauki alƙalami sai na tarar abin da ya gudana a kan benci bai gaza wanda ya gudana a kan allo ba. Saboda haka a wannan ɗan taƙaitaccen sharhi zan haɗa fim ɗin da 'yan kallonsa, in yi musu awo da mudu guda.

Da farko ga labarin, domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Fim ɗin ya fito a 2018. Nicole Taylor ce ta rubuta shi, Tom Harper ya ba da umarni, Jessie Buckley kuma ta fito a matsayin tauraruwa, watau Rose-Lynn. Ita Rose-Lynn 'yar birnin Gilasgo ce a ƙasar Sikotlan, an sako ta daga kurkuku bayan ta yi shekara guda saboda laifin ƙwaya, aka ɗaura mata wata na'ura a idon sawu don kada ta riƙa fita da dare. Tana da 'ya'ya biyu, waɗanda mahaifiyarta Marion ta riƙe mata. Burinta ɗaya ne a duniya, ta je birnin Nashbil na Amurka ta zama mawaƙiyar kantiri, wato irin waƙar nan ta mutanen karkarar kudancin Amurka. Wannan kiɗa ba baƙo ba ne a kunnenmu, don kuwa da yawanmu mun tashi muna jin Don Williams da Dolly Parton a rediyon iyayenmu.

Tun fim bai yi nisa ba ɗaki ya rabu gida biyu. Kashi na farko su ne masu jiran hukunci. Duk lokacin da Rose-Lynn ta saɓa wa 'ya'yanta alkawari ta tafi wajen kiɗa, sai ka ji tsaki daga kowane lungu. Da ta ɓoye wa Susannah, matar da take yi wa aikatau, cewa tana da 'ya'ya, wani ɗalibi a bayana ya ce da ƙarfi, “Wallahi wannan ba uwa ba ce!” Da aka kai ɗanta asibiti ya ji ciwo a hannu, sai na ji wasu suna cewa ga sakayya nan ta fara. Kashi na biyu kuwa masu jiran nasara ne. Su da zarar ta buɗe baki ta fara waƙa sai tafi da sowa, kuma a ganinsu mahaifiyar ce ta tare wa yarinya hanya.

Abin mamaki, da fim ya ƙare duka ɓangarorin biyu sun fita suna ƙorafi. Dalili shi ne Marion, wadda ta yi shekaru tana aiki a gidan burodi, ta kwashi abin da ta tara ta ba 'yarta ta tafi Nashbil. Can Rose-Lynn ta tarar masu irin burinta sun cika gari. Ta saci jiki ta hau dandalin Ryman, wurin da manyan mawaƙan kantiri suka yi suna, ta rera waƙa ga kujeru babu kowa, sa'an nan ta kama hanyar gida da ƙafarta. Masu jiran hukunci suka ce ta sha da sauƙi. Masu jiran nasara suka ce an kashe mata zuciya.

A nawa ɗan nazarin, kowane ɓangare ya shigo ne da jigonsa a aljihu. Mun saba da wasan da ke ƙarewa da gargaɗi, inda mai laifi ke ganin ƙarshensa, ko kuma wanda talaka ke wayar gari ya zama sarki. Marubuciyar ta ƙi bin ko ɗaya, kuma ta yi mana hannunka mai sanda tun a tsakiyar fim. Sa'ad da Rose-Lynn ta je Landan ta gana da Bob Harris, mai gabatar da shirin kantiri a rediyon BBC, wanda ya fito da sunansa na gaskiya, ya yaba muryarta, amma ya nuna mata cewa murya kaɗai ba ta isa ba, sai da abin faɗa. A lokacin nan waƙoƙin wasu take rerawa. Abin da za ta iya waƙewa, watau kurkuku da 'ya'ya da uwa da unguwarsu, shi ne ainihin abin da take ɓoyewa. Ashe kuwa komawarta gida ita ce warwarar jigon. A fitowa ta ƙarshe mun gan ta a bikin Celtic Connections na Gilasgo tana rera waƙa a kan garinsu da mahaifiyarta, ga uwar da 'ya'yan a cikin taro. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan fim ya ƙara da cewa mawaƙin da ya bar gida, waƙa ma barinsa take yi.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai. Cikin duk masu tsaki, ban ji wanda ya tambayi ina uban yaran nan yake ba. Fim ɗin bai nuna shi ba, mu kuma ba mu neme shi ba. Wata 'yar ajinmu ce ta jawo hankalina ga wannan a bakin ƙofa, ta ce da namiji ne ya bar 'ya'ya wajen uwarsa ya tafi neman suna, da cewa za a yi ya tafi neman arziki. Na rasa amsar da zan ba ta. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana.

Ba na cewa fim ɗin ba shi da aibi. Susannah ta cika kirki har ta wuce misali, kai ka ce an halicce ta ne kawai don ta buɗe wa tauraruwa ƙofa. Haka nan gyaruwar halin Rose-Lynn ta zo da gaggawa in aka gwada da tsawon lokacin da aka ɗauka ana nuna ɓarnarta. Karin harshen Gilasgo kuwa ya ba mu wuya ƙwarai, da ba don rubutun da ke ƙasan allo ba da mun tashi a tutar babu. Amma wajen iya wasa sai jinjina. Jessie Buckley, ko da yake 'yar Ailan ce, ita ta rera waƙoƙin da bakinta, har ta shiga jerin 'yan takarar lambar BAFTA a 2020. Julie Walters, wadda ta fito a Marion, takan isar da magana da ido kawai.

Wuri ɗaya ne ɗakin nan ya yi tsit, watau lokacin da Marion ta miƙa wa 'yarta kuɗin nan. Masu tsaki suka yi shiru, masu tafi ma haka. Ina kyautata zaton a wannan ɗan lokaci kowa ya tuna wadda ta sayar da akuya ko ta fasa asusu don ya zo jami'a. A nan ne kaɗai muka ajiye alƙalanci muka zama 'yan kallo.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a sake haska shi, a kuma buɗe filin muhawara bayan an gama, a fara ba 'yan'uwanmu mata dama su yi magana. Allah ya sa mu dace. Wassalam.