Jinjina ga masu karanta mana littafi

A gidajen Kwarbai, cikin birnin Zazzau, akwai masu wani aiki da ba a biyansu ko sisi: 'yanmata da samarin da ke karanta wa iyaye da kakanni littafi bayan sallar isha'i. Su nake jinjina wa.

Aikin ba wasa ba ne, musamman in labarin na kisa ne da asirin cikin gida. A ɗauki Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta bayan gasar rubutun littattafan Hausa ta 1933, aka fitar da shi a nan Zariya. Attajiri ya aure budurwar Abubakar, Abubakar kuwa ya nemo asirin da ya lalata ɗan da aka haifa, wato Kyauta, har ya zama ɓarawo, ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Irin wannan saƙa sai mai karatu ya riƙe zarenta da kyau.

Ka ga yarinya zaune kan tabarma, tana haska shafi da fitilar waya. Kaka ta katse ta: “Tsaya, 'yar nan, wannan ɗan wane ne?” Sai ta koma baya, ta warware dangantakar, ta ci gaba. In ta zo kan kalma mai nauyi a gaban manya, ta sauya ta cikin hikima. Ta san ƙarshen labarin, amma ko da wasa ba za ta faɗa ba.

Da babu irinta, da tsofaffi da yawa da ba su yi boko ba sun tafi ba su ji waɗannan labarai ba. Allah ya saka wa masu karatun nan da alheri.