"Haƙoran Turkiyya": hoton da bidiyoyin talla ke tsallakewa

In kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba. Mutum ya buɗe baki, haƙoransa sun dafe ko sun karkace, a saka ɗan kiɗa, sai ga shi yana murmushi da haƙora farare fat kamar an jera tangaran. A ƙasa ga sunan asibiti a Istanbul ko Antaliya, ga farashi har da kuɗin otal. A Birtaniya har suna aka laƙaba wa abin, wai "haƙoran Turkiyya", kuma a 2022 BBC ta yi shiri guda a kansa.

Hoto biyu ake nuna maka, na kafin aiki da na bayan aiki. Na tsakiya, wanda haƙorin ke tsaye tsirara bayan an feƙe shi, shi ne ake tsallakewa, alhali a nan maganar take.

Farin ɓawon da ke saman haƙori, wato inamel, shi ne abu mafi tauri a jikinka, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Ƙwayoyin halittar da suka gina shi suna ɓacewa da zarar haƙori ya fito, don haka ba ya tofowa kamar farce ko gashi. Abin da aka kankare ya tafi ke nan. Ƙarƙashinsa akwai dentin, mai cike da ƙananan hanyoyi da ke kaiwa ga ɓargon haƙori, inda jijiya da jini suke. Shi ya sa in aka buɗe dentin, ruwan sanyi kaɗai ya isa ya sa ka dafe kunci.

To, a nan ne tallan ke wasa da kalmomi. Biniya ta gaskiya wani siririn faifan tangaran ne, kaurinsa bai wuce milimita 0.3 zuwa 0.7 ba, ana manna shi a fuskar haƙori ta gaba kawai. Mannewar ma ta fi ƙarfi idan akwai sauran inamel a wurin. Hular haƙori kuwa, wadda likitoci ke kira kurawun, rufe haƙorin take yi ta kowane ɓangare, sai an zagaye shi da fiƙa kafin ta shiga. A 2002 Daniel Edelhoff da John Sorensen sun auna bambancin a samfurin haƙoran gaba: biniya ta ci kashi 3 zuwa 30 na ɓangaren da ke waje da dasashi, hula kuma kashi 63 zuwa 72. Saboda haka duk lokacin da ka ga an mayar da haƙoran mutum 'yan tsinkaye kuma ana ce maka biniya za a sa, hula ce, ko me aka rubuta a ƙasan bidiyon.

Ita hula ba abin ƙi ba ce fa. Haƙorin da ya fashe, ko wanda aka cire wa jijiya, ita ke ceto shi. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ɗauki lafiyayyun haƙora ashirin a feƙe su cikin mako guda don mai su ya kama jirgi. Ɓargon wasu daga ciki kan mutu bayan watanni ko shekaru, sai kumburi da aikin cire jijiya. Wani lokaci ma ana haɗe hulunan a jere, zaren sakace ba ya wucewa, dasashi ya riƙa jini, baki ya riƙa wari. Mu ma mun san wannan da haƙorin Makka: in bai zauna daidai ba, abinci na maƙalewa a gefensa, ruɓa ta ci na ciki a ɓoye.

Kada a ɗauka laifin ƙasa ne, Turkiyya na da ƙwararrun likitocin haƙori. Gaggawar ce matsala, da rashin mai duba ka bayan ka koma gida. A binciken da ƙungiyar likitocin haƙori ta Birtaniya ta yi a 2022, kashi 86 na likitocin da suka ga masu zuwa waje sun ce sun yi maganin matsalar da ta biyo baya.

Sai maganar shekaru, wadda babu bidiyon da ke taɓawa. Galibi ana sa ran sauya waɗannan abubuwa bayan shekara 10 zuwa 15. Ɗan shekara 25 ya lissafa sau nawa zai koma kujerar likita, kuma kowane sauyi kan ƙara cin ɗan abin da ya rage.

In launi ne damuwarka, wankin haƙori da maganin haskawa ba sa buƙatar fiƙa. In karkata ce, akwai waya. In kuma ka nace sai biniya, tambayi likitan milimita nawa zai cire, kuma ko zai taɓa bayan haƙorin. In ya ce zai zagaye shi duka, hula yake shirin sa maka.