Adhyatma Ramayana: labarin Rama a bakin masu bauta

Adhyatma Ramayana waƙa ce ta addinin Hindu da aka tsara da harshen Sanskirit, wadda ta sake ba da labarin Rama, ɗan sarkin Ayodhya, da matarsa Sita. Asalin labarin yana cikin Ramayana ta Walmiki, mai baiti kusan 24,000. Ita Adhyatma ba ta wuce baiti 4,000 da 'yan kai ba, ko da yake ta riƙe kashi bakwai ɗin da uwar take da su. Mabiya addinin suna lissafa ta cikin littafin Brahmanda Purana, suna kuma jingina ta ga malamin da suke kira Wiyasa, amma masu binciken adabi sun fi karkata ga cewa an rubuta ta tsakanin ƙarni na 13 da na 15.

Ƙashin bayan labarin bai canza ba. An kori Rama zuwa daji shekara 14 saboda alkawarin da mahaifinsa Dasharatha ya yi wa matarsa Kaikeyi. Rawana, sarkin Lanka, ya sace Sita. Rama ya haɗa kai da rundunar birai, cikinsu har da Hanuman, ya ƙetare teku ya kashe Rawana.  Abin da ya canza shi ne idon da ake kallon Rama da shi. A wurin Walmiki, Rama yakan yi kuka, ya fusata, ya rasa inda zai sa kansa, kamar kowane ɗan Adam. A Adhyatma kuwa, tun daga farko an shaida wa mai sauraro cewa Rama shi ne Wishnu, abin bautar Hindu, kuma baƙin cikin da yake nunawa wasa ne kawai yake yi a gaban mutane. An gina littafin a matsayin hira: abar bauta Parwati ce ta tambayi mijinta Shiwa yadda wanda ake cewa ya san komai zai zauna yana kukan matarsa, shi kuma ya ba ta labarin don ya warware mata shakkar.

Wurin da wannan ya fi fitowa fili shi ne satar Sita. Kafin Rawana ya iso bukkarsu a daji, Rama ya riga ya san da zuwansa. Sai ya umarci Sita ta shige cikin wuta ta ɓuya, ta bar siffarta ta inuwa a waje. Inuwar Rawana ya ɗauka, inuwar ce ta zauna a tsare a Lanka. Bayan yaƙi, da aka hura wutar gwajin tsarkinta, inuwar ta shiga, Sita ta ainihi ta fito. Da wannan dabara marubucin ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: hannun Rawana bai taɓa Sita ba, kuma gwajin wutar, wanda a wurin Walmiki yake da ɗaci ƙwarai, ya koma hanyar maido da amana.

Haka aka yi wa masu laifin labarin. Manthara, baiwar da ta zuga Kaikeyi, ba da son ranta ta yi ba, abar bauta Saraswati ce ta juya mata harshe don abin da aka ƙaddara ya tabbata. Shi kansa Rawana ya san ko wane ne Rama, kuma ya tsokane shi ne da gangan, saboda imanin cewa wanda ya mutu a hannunsa ya tsira. A nan ne mai sharhi zai ga tsadar wannan salo. Labarin da kowa a cikinsa ya san ƙarshensa ba ya sa zuciya bugawa, kuma sau da yawa tafiyar takan tsaya cik don wani ya rera yabo ko a yi darasin falsafa. Mafi shahara cikin darussan shi ne Rama Gita a kashi na ƙarshe, inda Rama yake koya wa ƙanensa Lakshmana aƙidar Adwaita, wadda ke cewa ran mutum da asalin halitta abu ɗaya ne.

Duk da haka littafin bai rasa barkwanci ba. Da Rama ya hana Sita binsa daji, hujjar da ta kafa masa ita ce ta sha jin ana karanta Ramayana iri-iri, kuma babu ɗaya da Rama ya tafi ya bar Sita a gida. Akwai kuma mai fito da ya ƙi ɗaukar Rama sai ya wanke masa ƙafa, don ya ji labarin ƙurar ƙafar ta taɓa dutse wata mata mai suna Ahalya ta bayyana, yana tsoron kada kwalekwalensa ya rikiɗe ya zama mace ya rasa abin ciyar da iyali.

Littafin ya fi yin tasiri ta hannun waɗanda suka ɗebo daga cikinsa. Tulsidas, wanda ya fara rubuta Ramcharitmanas da harshen Awadhi a 1574, ya ɗauki Sita ta inuwa da labarin mai fito da hirar Shiwa da Parwati, kuma waƙarsa ce ta mamaye arewacin Indiya har ta kusan shafe sunan wadda ta rigaye ta. A kudu, Thunchaththu Ezhuthachan, wanda ake kira uban harshen Malayalam na zamani, ya mayar da Adhyatma wannan harshe a wajen ƙarni na 16, da salon da ake sa aku ya zama mai ba da labari. Wannan ce ake karantawa a gidajen Hindu da wuraren bautarsu a jihar Kerala cikin watan Karkidakam, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, lokacin da damina ta yi nauyi, ana bin ta kashi-kashi har a sauke ta kafin watan ya ƙare.