A Juya Takalmin a Duba Ɗinkinsa

A majalisarmu ta bayan la'asar a Bolori da ke Maiduguri, wani abokina ma'aikacin banki ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, har yanzu kana nan da takalman matattun Turawa?" Ba shi ne farkon faɗa ba. Masu sukar tsohon takalmi sau-ciki na gwanjo maganarsu uku ce kullum. Na farko wai kayan matattu ne. Na biyu wai bai dace da garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba, garin da kuma ake tuɓe takalmi sau biyar a yini. Na uku wai sabo ya fi sheƙi, ga shi ba sai an sha wahalar tonon dila ba.

Zancen matattu ba ya buƙatar doguwar amsa. Mai faɗarsa shi ne farkon zuwa wajen 'yan gwanjo neman rigar sanyi da zarar hunturu ya kama. Mu kuwa mutane ne masu alfahari da babbar rigar mahaifi da alkyabbar kaka, ba mu taɓa ƙyamar kaya don mai shi ya riga mu gidan gaskiya ba. Zancen zafi da salla yana da ƙamshin gaskiya, zan dawo kansa. Na ukun ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin a nan ne ake cutar mutane da kuɗinsu.

Tarihin abin gajere ne. Kafin zuwan Turawa muna da namu: fade, huffi, da kurufa ta mahaya. Bature matafiyi Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da takalman dukawan birnin ana kai su har Arewacin Afirka. Sau-ciki mai igiya ya biyo soja da akawu da malamin makaranta. Kamfanin Bata, wanda aka kafa a garin Zlin a 1894, ya shigo Nijeriya ya sa wa 'yan makaranta da ma'aikata takalmi, har sunansa ya zama sunan wuri a Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka buɗe jami'a a 1975, sai ma'aikata suka yawaita, kobashu ya zama kayan ofis. Daga baya roba da gam suka ci kasuwa. Abin da ya rage na kirki yanzu sai a dila, wadda ke biyowa ta Kwatano ko Legas, ta sauka kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, wani kaso ya kamo hanyar Potiskum da Damaturu ya iso mana.

Abin da nake karewa ɗinki ne. Suna ba ya burge ni, domin tambari kowa na iya bugawa. Ɗinkin da nake nufi shi ne wanda ake kira Goodyear, da sunan Charles Goodyear ƙarami, wanda injinsa ya fito wajen 1870, kodayake masu aikin hannu a Turai sun daɗe suna yin irinsa kafin inji. Shi ne ɗinkin da garin Northampton na Ingila ya shahara da shi, inda Tricker's suke tun 1829, Church's tun 1873, Crockett & Jones tun 1879. A Amurka kuma akwai Alden da Allen Edmonds da tsohon Florsheim.

Ga yadda yake. Ana ja fatar sama a kan ƙafar katako har ta ɗauki siffa. A ƙarƙashi akwai shimfiɗar ciki ta fata mai kauri, wadda ke da ɗan tudu da ya kewaye gefenta. Sai a kawo wani zirin fata, faɗinsa bai fi ɗan yatsa ba, a ɗinke abu uku wuri ɗaya: zirin, da fatar sama, da tudun shimfiɗar. Wannan ɗinki na farko a kwance yake tafiya, kuma da zarar an gama takalmin ba mai sake ganinsa. Ramin da ya rage a tsakiya sai a cika shi da garin ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, a sa wani siririn ƙarfe ko katako a ƙarƙashin kwarin ƙafa don kada takalmin ya lanƙwashe inda bai kamata ba. A ƙarshe a kawo sol, a ɗinke shi da zirin nan kaɗai. Wannan ɗinki na biyu shi ne wanda ido ke gani yana kewaye takalmin ta waje.

A tsaya a nan a lura, domin duk hikimar a nan take. Na farko, allurar da ta ɗinke sol ba ta taɓa fatar sama ba, ba ta kuma huda cikin takalmin ba. Saboda haka idan sol ya cinye, mai gyara zai yanke zaren waje kawai, ya ɗaga tsohon sol, ya sake cika ɓawon, ya ɗora sabo, ya bi ramukan da ke jikin zirin ya mayar da zare. Jikin takalmin bai san an yi ba. Ana iya yin haka sau da dama, idan zirin ya gaji shi ma a canza shi. Na biyu, tunda babu rami daga ƙasa zuwa ciki, ruwa ba ya samun hanya kai tsaye. Na uku, wanda na fi so, shi ne ɓawon nan: cikin 'yan makonni sai ya lotsa daidai da tafin mai shi, yatsa da dunduniya kowanne ya sami gurbinsa. A nan ne ma mai sayen gwanjo yake da matsala ta gaske, wadda masu suka ba su taɓa ambata ba. Takalmin ya riga ya haddace ƙafar wani. Shi ya sa nake sa hannu ciki in shafa, idan na ji ramuka masu zurfi in bar shi, sai dai idan fatar ta isa a kashe mata kuɗin sabon sol da sabon ciko.

Akwai wani ɗinkin, na Blake, wanda Italiyawa suka fi so. Zare ɗaya ne ke ratsa sol ya shiga har ciki, ana ganinsa idan an leƙa. Ya fi sauƙi a ƙafa, ya fi siranta, samari na sonsa. Ban raina shi ba, amma ramukansa na jawo ruwa, kuma kowane gyara yana ƙara huda shimfiɗar ciki. A wurina yana bayan Goodyear nesa. Shi kuwa na gam ba ya cikin lissafi. A ajiye shi a mota da rana tsaka a Baga Road a ga yadda zai buɗe baki. Mafi muni shi ne wanda aka manna wa zirin roba mai hoton ɗinki a gefe, zaren bai riƙe komai ba, ado ne kawai don a yaudari ido.

Wani dattijo mai gyaran takalmi a unguwarmu ne ya koya mini tona asirin irin waɗannan. Yana zaune gindin dalbejiya da akwatinsa, da kibiyar ɗinki, da dunƙulen kakin zuma da yake murza zare da shi. Na kai masa wani jan takalmi da na tsinto, ya juya shi, ya sa farce ya bi ɗinkin sama, ya sake bin na ƙasa, ya ce, "Ɗana, ƙirga. In na sama takwas ne a tsawon gaɓar yatsa, na ƙasa ma takwas za ka samu, don ɗinki ɗaya ne. In suka saɓa, ƙarya ce." Na ce, "Baba, in ba a ganin na ƙasan fa?" Ya nuna mini wani siririn layi kusa da bakin sol, inda aka tsaga fatar aka ɓoye zaren aka mayar aka rufe. Ya ce wannan aikin manya ne, kada in yarda in bar shi a kasuwa. Tun ranar ba na sayen takalmi sai na juya shi. Ina kuma duba shafin ciki: idan na ga ƙananan ramukan gashi a jere uku-uku, fatar alade ce, in ajiye in wuce.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne wannan. Mu a Barno ba a koya mana darajar ɗinki. Mutumin garin nan zai ɗauki hular Bama ya kai ta kusa da ido, ya duba ƙanƙantar zare da daidaiton zane, ya juya cikinta, ya gane ta hannu da ta inji kafin mai kaya ya buɗe baki. Zai biya kuɗi mai yawa bai yi ƙorafi ba, ya riƙa kai ta wajen mai wankin hula, ya adana ta shekaru. Mutumin nan dai, idan aka zo ƙafa, sai ya sayi abin da aka manna da gam don kawai yana walƙiya an kuma rubuta Italiya a ciki. Idon da ke tantance hula shi ne idon da ake buƙata a takalmi, ba a neman wani sabon ilimi.

Yanzu ga zancen zafi da salla. Fata ta gaske tana shan gumi ta sake shi, roba kuwa riƙe shi take yi, shi ya sa wari ya fi kama mai takalmin roba. Batun tuɓewa kuma, ba dole ne sai mai igiya ba. Akwai marar igiya da ake zurawa kawai, akwai mai maɗauri ɗaya a gefe, duk da ɗinki iri ɗaya, kuma suna zama da kaftani da babbar riga zama mai kyau. Abin da ke kashe takalmi a ƙofar masallaci shi ne take dunduniya. Mutum ya fito da sauri, ya tura ƙafa, ya murƙushe bayan takalmin, sau biyar a yini. Wata uku ya isa ya karya shi, kuma wannan karayar da wuya ta gyaru. Ɗan cokalin sa takalmi da ke shiga aljihu ya magance wannan. Bayan alwala kuma a bar ƙafa ta tsane.

Kulawa a garin nan daban take da ta ƙasashen da aka ƙera su. Can damshi suke tsoro, mu bushewa. Iskar hunturu tana tsotse man fata, ƙura ta shiga lanƙwasar gaba ta riƙa cin ta kamar yashi har ta tsage. Don haka burushi ya fi folish muhimmanci: a kaɗe ƙura kowace yamma, har cikin lungun da zirin ya haɗu da fatar sama. Ni ina shafa man kaɗe ɗan kaɗan a yatsa, sau biyu ko uku a hunturu, amma a sani yana duhunta fata mai haske. Folish a sa shi siriri. Laifin da nake gani wajen yaran shushaina, kuma ba nasu ba ne tunda ba a koya musu ba, shi ne lafta folish a kan ƙura, da shafa baƙi a kan ja. Launin da tsohuwar fata ta tara cikin shekara talatin, wuri ya yi duhu wuri ya yi haske kamar tsohon gafaka, sai a binne shi cikin minti biyar. Kada a sa takalmi ɗaya kwana biyu a jere, a bar shi ya huta. In babu ƙafar katako a cusa masa tsohuwar jarida. In ya jiƙe kada rana ta gan shi.

Bayan ambaliyar Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, mutane sun rasa abin da ya fi takalmi nesa ba kusa ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da ruwa ya janye, wani ɗan'uwana daga Gwange ya kawo mini buhun takalmansa cike da laka. Na gam duk sun rabu biyu. Ƙafa ɗaya ta Ingila da na taɓa ba shi tana nan a haɗe. Muka wanke ta da ruwa mai tsabta, muka cusa jarida muna canzawa, ta yi mako biyu a inuwa, muka ciyar da ita mai. Tabon ruwan bai fita duka ba, amma da ita yake zuwa aiki har yau.

Duk wannan yana kai ni ga abin da ya fi damuna. Fatar jan akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can take bi ta isa gare su. Muna da majema, muna da bagaruwa, muna da dukawa, a Maiduguri ma an kafa masana'antar jima da takalma ta Neital. Barno kuma ƙasar dabbobi ce. Amma fata na fita ɗanya ko rabin jima, mu kuma muna jiran dila. Ɗinkin nan da na ɓata lokaci ina bayani ba ya buƙatar wutar lantarki. Da hannu aka fara shi, da kibiya da zare da kaki, kayan da ke cikin akwatin dattijon nan na gindin dalbejiya. Kowane tsohon takalmi da ya shigo garin nan littafi ne ga mai son koyo: a farke ɗaya a ga yadda aka jera shi. Yaran da ake koya wa sana'ar takalmi a cibiyoyin koyon sana'a, galibi yanka da manna gam ake nuna musu, su fito suna gasa da kayan Aba da na Sin a fagen da ba za su taɓa yin nasara ba, wato araha.

Ina kira ga masu tsara koyon sana'a a jihar nan da su nemi dattawan da suka iya wannan ɗinki tun suna raye, a zaunar da yara gabansu. Kai kuma mai karatu, in kana da tsohon sau-ciki na mahaifinka a ƙarƙashin gado, fito da shi ka juya, ka ƙirga zaren sama da na ƙasa. In sun yi daidai, kai shi wajen mai gyara, ka ce masa ɗinki kake so, kada ya sa gam.