Wa Ya Tambayi Daurama?

Yau za mu taɓa labarin da ka sani, na Bayajidda da macijin rijiyar Daura. Ina son labarin nan tun ina yaro. A nan Agadas na fara jin sa, a bakin kakata, da dare bayan an ci tuwo, muna kwance bisa tabarma a tsakar gida. Har yau in ana ba da shi sai na tsaya na saurara. Amma akwai inda yake damuna, wato yadda ya ɗauki zancen so da zancen zama ba aure. Kada ka ce na ƙi abin kakanni. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Labarin a gajarce

An ce Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya baro garinsu da mayaƙansa, ya sauka Borno. Sarkin Borno ya ba shi auren ɗiyarsa Magira. Daga baya sarkin ya raba shi da mutanensa da dabara, ya yi niyyar kashe shi. Bayajidda ya gudu da matarsa, tana da ciki. Da suka kai Garun Gabas, wajen Haɗejiya, ya bar ta nan. Can ta haifi ɗa, shi ne Biram. Shi kuwa ya wuce Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya shiga Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya roƙi ruwa. Ta ce babu, don wani maciji ya tsare rijiyar Kusugu, ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi. Maciji ya fito da kai, ya sare shi, ya ɓoye kan, ya sha ruwa, ya shayar da dokinsa.

Da gari ya waye, sarauniya Magajiya Daurama ta ce za ta ba da rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki. Maƙaryata suka yi ta kawo kawunan macizai, ba wanda ya dace da gangar jikin. Aka kira baƙo, ya fito da kan. Ya ce shi ba ya son rabin gari, sarauniya yake so da aure.

Ga wurin da masu ba da labari da yawa suke tsallakewa. Yadda ake faɗinsa a fadar Daura, sarauniyoyin garin ba su kusantar namiji. Al'adar sarautarsu ke nan, alkawari ne a wuyansu. Saboda haka Daurama ta ba shi baiwarta Bagwariya, ta zama ƙwarƙwararsa. Bagwariya ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Karɓagari, wato wanda zai karɓe gari. Da Daurama ta ji sunan, hankalinta ya tashi. Aka yi mata abin da al'ada ta ce, aka warware alkawarin. Ita ma ta haifi ɗa, ta sa masa Bawo, wato a maido mata garinta. Ƴaƴan Bawo shida suka yi sarautar Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. In ka ƙara Biram, Hausa Bakwai ke nan. Ƙasashen ƴaƴan Karɓagari kuwa aka ce da su Banza Bakwai.

Abin da ya sa nake son sa

Mu mutanen Abzin mun san darajar rijiya. Wanda ya taɓa kwana a bakin rijiya da bisashe yana jiran layi, ya san abin da ake nufi da ruwa sau ɗaya a mako. Ba sai an yi masa bayanin muguntar macijin nan ba. Wurin maƙaryata ma akwai daɗi, don ko yau in aiki ya yi kyau masu cewa su suka yi ba su ƙirguwa. Rijiyar Kusugu tana nan har yanzu a Daura, cikin jihar Katsina ta Nijeriya, kudu da Matamai, an gina mata ɗaki, baƙi suna zuwa gani. Kuma labarin ya shafe mu, don Gobirawa sun zauna a duwatsun Abzin kafin su gangara kudu. To, abin da kake so shi kake dubawa da kyau.

Ina son yake?

Ka sake bin labarin daga farko, ka nemi inda aka ce wani ya so wata. Wuri guda ne, kuma daga bakin namiji ya fito. Bayajidda ya shigo gari da dare. Da safe ya ga sarauniya. Bai san halinta ba, ita ma ba ta san nasa ba. An ce ma ko harshen garin ba ya ji. Aka ba shi rabin gari, ya ce a'a, mai garin yake so. Kai makiyayi, in aka ce za a ba ka rabin nono, ka ce a ba ka raƙumar, me za a ce ka yi? Lissafi ka yi. Kakata tana zuwa wurin nan sai ta yi murmushi, mu yara mu ɗauka so ne ya kama jarumi. Sai da na girma na gane abin da take yi wa murmushi.

Yanzu dubi Magira. Ta bar gidan ubanta, ta bi mijinta cikin gudun tsira, da ciki. Ya bar ta a hanya. Labarin bai ce ya koma ba, bai ce ya aika ba. Mu a nan mun saba da tafiya. Maza suna bin ayarin gishiri zuwa Bilma da Fashi, wasu suna zuwa aiki Arlit, wasu Libiya. Amma mai tafiya yakan bar wa iyali hatsi, ya aiko da saƙo, ya komo. Wanda ya tafi ya yi shiru, ya sake aure can, mun san abin da mata suke faɗi a kansa wurin daka. Labarin bai ɗora wa Bayajidda laifi ko kaɗan ba. Ko sunan matar ma, Magira, sarauta ce a Borno, ta uwar sarki.

Sai Bagwariya. Ita ko suna ba a ba ta ba, da sunan ƙabilarta ake kiran ta. An ɗauke ta an miƙa kamar yadda ake miƙa wa baƙo ƙwaryar fura. Ba wanda ya ce mata, kina so? Abu ɗaya aka bari ya fito daga gare ta, sunan ɗanta. Wannan ma da shi aka kama ta, aka ce ga mai kwaɗayin gari. Jikokinta aka kira su banza. Ka san kuwa Kabawa da Zamfarawa da Nufawa da Gwari mutane ne masu ƙasarsu da sarakunansu. Ba banza cikinsu.

Alkawarin Daurama

Nan ne babbar damuwata. Mace tana riƙe da gari, tana zaune ba miji saboda alkawarin sarauta. Kafin ita an yi wasu sarauniyoyi, ana lissafa su tun daga Kufuru. Wannan babban abu ne. Mai sauraro yana son ya ji yadda zaman yake a gare ta. Nauyi ne take ɗauke da shi, ko kuwa abin da take alfahari da shi ne? Ranar da aka warware alkawarin, kuka ta yi ko murna? Labarin ya sami sararin gaya mana garin maƙera da sunan tsohuwa da ranar ɗibar ruwa. Da ya zo kan zuciyar Daurama sai ya yi gum.

Yadda aka tsara shi, zaman Daurama ba aure ya zama kamar maciji na biyu. Na farko ya tsare ruwa, na biyu ya tsare haihuwa, baƙo ya zo ya kawar da su duka. Amma macijin rijiya cutar mutane yake yi. Wa alkawarin Daurama ya cuta? Kuma ka lura da abin da ya karya shi. Ba a ce zama ya yi zama har ta so mijin ba. Sunan ɗan baiwarta ta ji, tsoron gado da kishi suka kama ta. Daga kanta kuma gadon sarauta ya koma hannun maza. Sarautar Magajiya tana nan a Daura, amma sarki namiji ne.

Ashe labarin yana cewa mace ta zaɓi ɗaya, ko miji ko mulki. Ba a taɓa ce wa Bayajidda ya zaɓa ba, shi da ya tara mata uku ya kuma sami gari. Haka aka yi wa Amina ta Zazzau. Masu labari sun ce ta ƙi aure, sai suka ƙara da cewa duk garin da ta ci takan kwana da namiji, da safe ta sa a kashe shi. Wato mace mai mulki in ta yarda da aure ta rasa gari, in ta ƙi a mai da ita dodo.

Abin da za a ce mini

Wani zai ce, malam, wannan tarihi ne, ba a gyara tarihi. To, ka sani ba baki ɗaya ake faɗinsa ba. A 1812 Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri. A ciki ya kawo cewa Bawo bawan sarkin Borno ne, ya kuma ware Gobirawa, ya ce su daga Abzin suka fito. A 1928 wani Bature mai suna Palmer ya buga irin na Daura da Turanci. Wasu masu ba da labari sukan ce an ba Bayajidda Bagwariya ne don ta koya masa Hausa. Ka ga kowa yana zaɓen abin da zai faɗa da abin da zai bari. Tunda zaɓe ake yi, muna da damar tambayar dalili.

Dubi namu na Agadas. An ce Abzinawa sun tafi Santambul roƙon sarkin can ya ba su ɗa guda ya zama sarkinsu. Matan aure suka hana ƴaƴansu, wata baiwa ta yarda ta ba da nata. Shi ne aka ce Yunusa, Sarkin Abzin na farko, wanda ake lissafa sarautarsa daga 1405. Masana suna shakkar zancen Santambul, don Turkawa ba su ci birnin ba sai 1453. Amma ko da ƙari a ciki, ka ga an tambayi matan, kowace ta ba da amsa, ɗan baiwa kuma ya hau gado ba a ce masa banza ba. Ashe kakanni sun iya ba mace baki in sun ga dama.

Wani kuma zai ce labarin ya yi daidai, don zama ba aure ba namu ba ne. Gaskiya ne Musulunci ya kwaɗaitar da aure, bai kuma ɗora wa kowa alkawari irin na Daurama ba. Amma addinin nan shi ya ce a nemi yardar mace kafin a ɗaura. Ya zo cikin Buhari cewa uban Hansa'u ɗiyar Hizamu ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Rabi'atul Adawiyya ta Basra kuwa, wadda ta rasu wajen shekara ta 801, ba ta yi aure ba, har yau malamai suna ambaton ta da girma.

Mu koma gida

Me ya sa na ɗauki wannan da zafi, alhali labari ne na dā? Don abin da yaro ya ji da dare shi yake girma da shi. Yaron da ya ji ana biyan jarumi da mace, gobe zai ga ba laifi ya biya bashi ko alheri da ɗiyarsa. Yarinyar da ta ji ba a tambayi sarauniya ba, za ta ce ni wace ce da za a tambaye ni? A ƙauyukanmu akwai matar da mijinta ya rasu, ta ce ba ta sake aure sai ta rene marayunta. Akwai saurayin da fari ya cinye masa garke, aure ya gagare shi. A wasu garuruwan Hausa har tashen gwauro ake yi da azumi, ana dariya. Wasa ne, amma wanda ake yi wa ya san inda yake masa ciwo. Kowane ɗayansu yana da dalilinsa, sai an tambaye shi za a ji.

Ban ce ka daina ba da labarin Bayajidda ba. Ni ma ina ba jikokina. Amma in ka kai inda ya ce sarauniya yake so, ka dakata. Ka tambayi yaran, maza da mata: me kuke jin Daurama ta ce a ranta? Bagwariya fa? Magira tana can tana jiran wa? Za ka sha mamakin amsar da ƴan mata za su ba ka.

Kai da ka koyi karatu da girmanka, ka riƙe wannan. Abin da aka buga a takarda mutum ne ya rubuta shi, ana iya yi masa tambaya, har da wannan da kake karantawa. In tsofaffin garinku suna ba da labarin ta wata hanya, ɗauki alƙalami ka rubuta yadda suka faɗa, kafin ƙasa ta rufe musu ido. Ranar da aka zo neman auren ɗiyarka kuwa, kafin ka karɓi goro, ka sa uwarta ko gwaggonta ta tambaye ta, ka kuma jira amsar.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.