Tufka, Kitso Ko Saƙa? Wata Kalma A Hannun Marubutanmu

Da wuya mu buɗe littafin soyayya mu wuce shafi goma ba mu tarar da yarinya kwance bisa gado "tana saƙa wannan tana kwance wancan" ba. Saƙar zuci ke nan, kuma Hausa ce mai kyau. Abin da ya dame mu shi ne, ga alama iyakar abin da matasan marubutanmu suka sani game da kalmar ke nan.

A nan Gazara, cikin ƙasar Makarfi, har yanzu da rani ana ganin dattijo zaune a gindin bishiya yana murza rama a cinya. Wannan tufka ce: tufka biyu, kowace tana naɗe 'yar'uwarta har su zama igiya. Kitso kuwa gashi ake rabawa, a ɗora wannan kan wancan, ba a barin ko ɗaya a baya. Ita saƙa sai da zaren tsaye da aka ja tun farko, sannan ƙoshiya ta riƙa kai da komo da abawa. Bahaushe bai haɗa su a suna ɗaya ba, domin ba aiki ɗaya ba ne. Ko da ya are su zuwa zancen duniya ma bai gwamutsa ba: a kitsa magana, a saƙa da mugun zare, a yi ta tufka da warwara.

Alhaji Abubakar Imam ya san wannan bambanci. Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar 1933, tufka ce tsantsa. Alhaji Imam ya yi wa Malam Zurƙe, Malam Zurƙe ya rama, haka suke naɗe juna gari bayan gari. A zare ɗaya daga cikinsu, igiyar ta tsinke. Amma littafi na ɗaya na Magana Jari Ce saƙa ce. Zaren tsaye shi ne makircin Waziri da ƙoƙarin hana Musa fita daga gida, labaran aku kuwa su ne abawar da ke ratsawa. Duk daɗin labari, mai karatu bai manta cewa in aku ya yi shiru Musa zai fita ba. To, a nan gizo ke saƙar.

Kwanan baya wani ɗalibi ya kawo mana rubutunsa mu duba, shafi 140. Akwai kishiya, akwai attajirin da ke neman yarinyar, akwai ƙanen uba da ya cinye gado. Mun ji daɗin wannan ƙanen uba ƙwarai, don shi kaɗai ke magana kamar mutum. Sai ya ɓace a shafi na 30, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da muka tambaya, sai yaron ya ce ai ya manta da shi. Kalmar "saƙe-saƙe" kuwa mun ƙirga ta sau goma sha bakwai.