Tsofaffin Wasannin The Simpsons a Ma'aunin Yau

A wannan takarda mun auna tsofaffin wasannin The Simpsons, watau wasan barkwanci na zane wanda ya zama cikakken shiri a talabijin ɗin Amurka a 1989. A ganinmu, jigo ne ya raya su. Alal misali, "Last Exit to Springfield" na 1993, inda ma'aikata suka yi yajin aiki domin maigida ya soke musu kuɗin maganin haƙori, har gobe yana ratsa zuciyar ɗan ƙwadago. Amma rahar kwaikwayon harshen Apu, Ba'indiye mai kanti, ta dusashe, har Hank Azaria ya daina yin muryarsa a 2020. Saboda haka muke cewa zambon da aka yi wa mai iko ya fi wanda aka yi wa baƙo ƙarko.